Ƙwaya Huɗu a Kati Ɗaya: Gwanintar Masu Raba Maganin Damina a Babura

Da zarar ruwa ya zauna, gero ya kai gwiwa, kowace uwa a ƙasar Babura, jihar Jigawa, ta san abin da ke tafe. Kududdufai sun cika, sauro ya samu wurin hayayyafa, kuma daga Yuli zuwa Oktoba da wuya zazzaɓin cizon sauro ya tsallake gida mai ƙananan yara. Lokacin marka ne gadajen yara ke cika a asibiti, ana cigiyar mai ba da jini, ana kawo masu jijjiga cikin dare. A wannan tsakanin ne ake ganin mutane bibbiyu, galibi mata, da jaka a kafaɗa da alli a hannu, suna bin gidaje ɗaya bayan ɗaya, daga cikin gari har Kanya Babba da Garu da Insharuwa da rugagen da ke bakin iyakar Nijar.

Abin da ke cikin jakar ɗan ƙaramin kati ne na magani, irin wanda ake ɓallewa da babban yatsa. Ƙwaya huɗu ce a jikinsa: ɗaya ta sulfadoxine-pyrimethamine, wadda mutanenmu suka fi sani da Fansidar, sai uku na amodiaquine. Kati iri biyu ne, kowanne da launinsa: na jarirai daga wata 3 zuwa 11, da na yara daga wata 12 zuwa 59, wanda ƙarfinsa ya ninka na farkon. An gama awo tun daga masana'anta, ba sai an raba ƙwaya biyu da wuƙa ba, ba sai an yi lissafin cokali ba. Ranar farko yaro zai sha biyu a gaban mai rabo, sauran biyun a bar wa uwa, ɗaya gobe, ɗaya jibi. Maganin yana zama cikin jini wajen kwana 28, duk ƙwayar cutar da sauro ya zuba sai ta tarar da shi yana jiranta. Kafin ƙarfinsa ya ƙare an sake dawowa, haka har sau huɗu, damina ta wuce.

Hukumar Lafiya ta Duniya ce ta amince da wannan tsari a watan Maris na 2012, don ƙasashen Sahel inda cutar ke taruwa cikin 'yan watanni, bayan gwaje-gwaje sun nuna yana hana kusan uku cikin huɗu na kamuwar yara. A Najeriya an fara shi a jihar Katsina a 2013 tare da ƙungiyar Malaria Consortium, Jigawa ta bi baya ba da jimawa ba. Yau yaran da ake ba shi a Afirka sun haura miliyan 50, kuma babu ƙasar da ta kai Najeriya yawa.

Mai kallo daga nesa zai ce ai tunda an riga an ƙulle magani a kati, ko yaro aka aika zai raba. Ba haka ba ne. Kati ya san adadin ƙwaya, amma bai san yaron da ke gabansa ba.

Fara da shekaru. Gidaje nawa ne a karkara ke da takardar haihuwa? Gwanar mai rabo ba ta cewa "shekarunsa nawa?" don ta san amsar da za ta samu ita ce "bai fi uku ba" ko da ya kusa shiga makaranta. Sai ta ce: "Inna, azumi nawa aka yi da haihuwarsa? Da kaka aka haife shi ko da bazara? An yaye shi? Shi da wancan wa ya girmi wani?" Kafin ta rufe baki kakar yaron da kishiyar uwarsa sun shiga maganar, kuma daga gardamarsu gaskiya take fitowa. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin jaririn da bai cika wata uku ba ba a ba shi, wanda ya cika shekara biyar kuma katin ya yi masa kaɗan. Nan ne ake shan roƙo: "Don Allah 'yar nan ki ba wa yayansa ma, shi ya fi kwanciya." Hana uwa abin da take gani a hannunka, ba tare da ta ji an wulaƙanta ta ba, ilimi ne da ba a rubuta shi a takardar horo ba.

Sai tambayoyin da ba a tsallakewa. Jikinsa da zafi yau? In da zafi, ba a ba shi, asibiti za a tura shi a ɗiga jini a gwada, domin wannan na tsari ne, ba na warkar da wanda ya riga ya kwanta ba. Ya sha Fansidar ko amodiaquine cikin wata gudan nan? Yana shan Septrin? Ya taɓa shan wani magani jikinsa ya yi ƙuraje ko ya kumbura? Uwa ba lallai ta san sunan abin da aka sayo mata a kemis ba, shi ya sa mai wayo kan ce a ɗauko mata kwalbar ko bawon katin ta gani da idonta.

Shayarwar kanta wani fagen ne. A shekarun farko amodiaquine ƙwaya ce mai tauri da ɗacin tsiya, sai an niƙe ta an haɗa da sukari, yaro ya furzar da rabi. Yanzu an mayar da ita mai narkewa cikin ɗan ruwa, an sa mata zaƙi. Duk da haka yaro yaro ne. Ruwan kaɗan ake sawa, yadda zai shanye a kurɓi ɗaya ko biyu, a ɗauraye kofin da wani ɗigon a ƙara masa don kada magani ya kwanta a gindi. Ba a yi masa ɗure a kwance, ba a toshe masa hanci. Zaune ake ba shi a cinyar uwarsa, kuma ya fi kyau ita ta ba shi da hannunta, mai rabo tana kallo. Masu dabara kan fara da yaron da ya fi jarumta a gidan, sauran su gani su yi kishi. In ya yi amai kafin rabin awa, a bar shi ya huta a sake ba shi sau ɗaya. Ke nan ba a miƙa magani daga zaure a wuce. Dole a zauna, ga rana, ga sauran gidaje suna jira, ga laka a hanya.

Amma a ganina duk gwanintar tana wurin ƙwaya biyun nan da za a bari a gida. Daga nan mai rabo ba ta da sauran iko. Uwa za ta iya mantawa, ga gona, ga girki, ga surfe. Za ta iya ganin yaro lafiyarsa lau ta ce me zai sa a ɓata magani, ta ajiye shi cikin kwalla sai ranar da wani ya kwanta. Za ta iya raba shi tsakanin yara biyu don adalci. A gidan da yara shida suka cancanta, uwaye uku, katuna na iya cuɗanya. Kowanne daga cikin waɗannan yana rage ƙarfin tsarin, kuma rabin magani a jini shi ne ke koya wa ƙwayar cuta taurin kai. Saboda haka gwana ba ta tashi sai ta sa uwa ta maimaita da bakinta: wannan na wane ne, gobe war haka, jibi war haka. Takan ɗaura shi da abin da ba a mantawa, kamar bayan kokon safe. Takan gaya mata tun da wuri cewa wani yaron kan yi ɗan amai ko kasala, kada ta tsorata, amma in ƙuraje suka feso ko jiki ya rikice a daina a tafi asibiti. Ta nuna mata inda za ta yi alama a katin shaidar yaron, ta ce a kwana cikin gidan sauro duk da haka. Akwai kuma iyaye mata da ake zaɓa cikin unguwa su zaga a rana ta biyu da ta uku suna tuni.

Kada a manta a wace ƙasa ake wannan aiki. Arewa ba ta manta gwajin maganin Trovan da aka yi kan yara a Kano a 1996 ba, da kuma dakatar da rigakafin shan inna a 2003. Maigida na da hujjarsa in ya tsaya a ƙofa ya ce, "Me ya sa kyauta?" Abin da ke buɗe ƙofar shi ne mai rabon 'yar unguwa ce, an san ubanta, mai unguwa ya yi magana, mai shela ya zaga, liman ya faɗa bayan sallah. Cutar ma ba baƙuwa ba ce: ba sai an yi wa kowa bayanin abin da zazzaɓi ke yi wa yaro ba.

In an gama, sai ta cike takardar ƙidaya, ta fito ta rubuta alama da alli a bango ko a ƙyaure: zagaye na nawa ne, yara nawa aka ba, an kammala ko da saura. Ruwa kan wanke allin, shi ya sa ake neman inda feshi ba ya kaiwa. Gidan da aka tarar uwa ta tafi gona da goyonta, ko ta tsallaka Magarya ta Nijar biki, alamarsa daban ce, kuma sai an komo masa kafin kwana huɗun rabon su cika.