Da A Ce Ahmadu Bello Ne Ya Hau Gadon Sakkwato

Labaran "da a ce" sun cika wayoyinmu. Wanda aka fi juyawa, daga teburin mai shayi a Jangebe har Talata Mafara, shi ne na 1938: da a ce Ahmadu Bello ne ya gaji Sarkin Musulmi Hassan, ba Abubakar na Uku ba.

Tambayar da daɗi. Abin da ke damunmu da masu rubuta ta shi ne haɗama. Sai su naɗa masa rawanin, kuma su bar masa kujerar Firimiya ta 1954, kamar a canza farkon lissafi a ce amsa ba za ta motsa ba. Alhali rasa gadon ne ya sa aka naɗa shi Sardauna, aka tura shi Gusau, inda zargin kuɗin jangali da nasararsa a ɗaukaka ƙara a Zariya suka fito da sunansa.

Ba jini ya raba gardama ba, tunda dukansu 'yan gidan Muhammadu Bello ne. Masu zaɓen sarki da Turawa suka yanke. Marubucin da ke son mu bi shi sai ya faɗa mana wa zai ja NPC, kuma gidan wa sojoji za su nufa a Kaduna ranar 15 ga Janairu, 1966.