Jinjina ga masu lambun Ankara

Duk latas da kabeji da alayyahon da ke cika faifan 'yan kasuwar Maamobi, gumin wani ne. A Dzorwulu, ƙarƙashin manyan wayoyin lantarki, manoma, galibinsu 'yan arewa, suna ban ruwa da hannu tun asuba, rani da damina. Da ruwan Maris ya sauka, sai gyaran kunya da dashe. Iyayenmu mata su sari ganyen da ɗanyensa, su kai Maamobi da kasuwar Nima ta Laraba. Gana tana karrama manoma kowace shekara tun 1985, galibi a Juma'ar farko ta Disamba. Waɗannan bayin Allah sun cancanci a tuna da su kullum. Allah ya yi wa guminsu albarka.