Nazari a Kan Ƙwace Dukiya Ba Tare da Hukunta Mai Ita Ba: Misalin Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa

1.0 Gabatarwa

Manufar wannan takarda ita ce ta auna wata hanyar shari'a da ta sami gindin zama a Nijeriya, watau mallaka wa gwamnati dukiyar da ake zargin ta haram ce, ko da ba a sami mai ita da laifi a gaban alƙali ba. Za mu auna ta da halin makiyayi da manomi a ƙananan hukumomin Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa na Jihar Katsina, inda saniya da babur su ne jarin yawancin magidanta. Ra'ayinmu shi ne, an ɗinka rigar nan ne daidai jikin mai takardu da lauya, kuma in aka sanya wa mutumin karkara ita ba gyara, sai ya yi hasara sau biyu.

2.0 Tushen Dokar

Sashe na 44 na Tsarin Mulkin 1999 ya hana a karɓe dukiyar mutum da ƙarfi ba tare da bin doka da biyan diyya ba, amma ya yi togaciya ga ƙwacewa saboda karya doka, da riƙe kaya na ɗan lokaci don bincike. Ta wannan ƙofa sashe na 17 na dokar damfara ta 2006 ya shigo, wanda Kotun Ƙoli ta amince da shi a 2019 cikin ƙarar Patience Jonathan. A 2022 kuma Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a dokar ƙwato ribar laifi da kula da ita. Tsarin shi ne, hukuma ta nemi izinin tsare kayan a bayan idon mai su, a buga sanarwa a jarida, in ba wanda ya zo da hujja mai gamsarwa, kayan su zama na gwamnati. Dukiyar ce ake tuhuma, saboda haka ba a bukatar tabbaci irin na shari'ar laifi. Rinjayen zato ya isa.

Ba mu musa amfanin wannan ba. Ɓarawon gwamnati kan gudu ko ya mutu, ko kuwa ya ɓoye abin da ya sata da sunan wani, kuma bai dace zuriyarsa ta ci bulus ba.

3.0 Halin da Ake Ciki a Yankin

Waɗannan ƙananan hukumomi uku suna bakin dazuzzukan da suka haɗa Katsina da Zamfara da Birnin Gwari, kuma sun daɗe suna fama da satar shanu da garkuwa da mutane. A ranar 11 ga Disamba 2020 kuwa, 'yan bindiga suka kwashe ɗalibai fiye da 300 daga Makarantar Sakandaren Kimiyya ta Ƙanƙara. A ƙarshen Agusta 2021 Gwamna Aminu Bello Masari ya kafa dokar taƙaita matsalar tsaro, wadda ta rufe hanyar Ƙanƙara zuwa Sheme, ta hana cinikin dabbobi a kasuwanni da dama, har da na waɗannan wurare uku, ta kuma ƙayyade lokacin hawa babur. Daga baya an sassauta ta.

Irin wannan yanayi kan tara dukiya iri biyu a hannun hukuma: shanun da aka ƙwato daga daji, da kayan da aka kama a hanya bisa zato. Tambayar ita ce, ta yaya mai gaskiya zai karɓi nasa?

4.0 Inda Gizo Yake Saƙa

Na farko, sanarwa. Jaridar Turanci da ake bugawa a Abuja ko Legas ba ta isa ruga, balle ga wanda ya yi gudun hijira ya bar garinsu. Shirun wanda bai ji kira ba, ba amincewa ba ne.

Na biyu, hujja. Sashe na 36 na Tsarin Mulki ya ɗauki wanda ake tuhuma marar laifi har sai an tabbatar, amma a nan mai kaya ne zai nuna halaccin abinsa. Saniyar da aka haifa a garke, ko aka gada, ba ta da rasit. Shaidarta ita ce lalas da yankan kunne da launi, da sanin maƙwabta da dillalan kara. Babur ma sau da yawa na hannu ne, an saya da shaidu ba da takarda ba.

Na uku, lokaci. Gida a Abuja zai iya jiran shari'a shekara biyar. Saniya kuwa tana bukatar ci da sha, tana ramewa, tana mutuwa. Sa'an nan wanda aka tsare wa shanun huɗa a farkon damina ya rasa noman shekara, ko da an mayar masa da kaka. Kuɗin lauya da na mota zuwa babbar kotu kan zarce kuɗin babur ɗin, sai mutum ya bar wa Allah.

5.0 Darasi Daga Fiƙihu

Malaman Malikiyya, waɗanda ƙasar Katsina ta daɗe tana karanta littattafansu, sun riga sun duba wannan mas'ala. Hukuncin tsintuwa shi ne a yi cigiyarta shekara guda a wuraren da jama'a suke taruwa. Abin da aka samu a hannun 'yan fashi kuwa, akan ba wanda ya siffanta shi, bayan an ɗan jinkirta kuma ya yi rantsuwa. Hikimar ita ce, fashi ba ya kawar da mallaka, kuma hukuma mai ajiya ce, ba magajiyar ɓarawo ba.

6.0 Kammalawa

Muna ba da shawara huɗu. A rubuta duk dabba da abin hawa da aka kama, a ba wanda aka karɓa daga hannunsa takardar shaida. A yi cigiya da Hausa da Fulatanci ta rediyo, da ranar kasuwa, da bakin dagatai da ardo-ardo. A karɓi siffantawa da shaidu da rantsuwa a kotu mafi kusa, cikin wa'adi ƙayyadadde. In dole ta sa a sayar da dabba, a yi gwanjo a fili, a ajiye kuɗin da sunan mai ita, kada wanda ya kama ya sami rabo a ciki. Mutumin da ɓarawo ya kore masa garke, sa'an nan ya gan shi a hannun hukuma ya kasa karɓa, da wuya ya sake kai mata labarin abin da ya gani a daji.