Tambarin Hukumar Ruwa a Idon Mutumin Karkara: Tsokaci Daga Ƙasar Karaye da Rogo

Manufar wannan takarda ita ce a duba irin tambarin da hukumomin samar da ruwan sha suke liƙawa a jikin tankuna da motoci da takardun biyan kuɗi, a ga ko yana magana da harshen mutanen da aka yi shi dominsu. Za a auna shi da idon manomin Unguwar Hajji, a ƙasar Karaye da Rogo, yankin da aka kammala madatsar ruwa ta Challawa a cikinsa a 1992.

Da farko ya kamata mu tuna asalin kalmar. Tambari ganga ce ta sarauta, wadda idan an buga ta kowa ya san sarki na nan. Watau aikin tambari shi ne shelar cewa mai shi ya iso. Da wannan ma'auni za mu duba abubuwa uku: launi, da hoto, da suna.

Akasarin hukumomin ruwa, a nan gida da ƙetare, shuɗi suke zaɓa, domin a al'adar zanen Turai shi ne launin ruwa. Bahaushe kuwa, idan ya ga shuɗi, baba da marina yake tunawa, irin ta Ƙofar Mata. Ruwa garai-garai wanda ba a gauraya da kome ba, baƙin ruwa yake ce masa. Wanda aka dama da fura ko gari don tarbar baƙo shi ne farin ruwa. Ashe ke nan mai zane ya ari launi daga wata al'ada, bai tambayi tasa ba.

Haka abin yake ga hoto. Ɗigon ruwa da kan famfo su ne aka fi zanawa. Ga wanda ya saba tsayawa layi da asuba, famfo mai ɗigo alamar ƙarancin ruwa ce. Alhali kuwa muna da tulu, da guga, da randar da ake ajiyewa a ƙofar masallaci don masu wucewa su sha. Ita wannan randa ta ƙunshi ma'anar da hukuma take nema, wato ruwa haƙƙin kowa ne, kuma amana ce a wuyan mai cika ta.

Sai batun suna. Hukumar WRECA, wadda ta shahara da gina madatsun ruwa a Jihar Kano tun shekarun 1970, haruffan Turanci ne sunanta, sai jama'a suka lanƙwasa shi ya koma Reka. Misalin wutar lantarki ya fi fitowa fili. An maye gurbin NEPA da PHCN a 2005, daga baya KEDCO ta karɓi rarraba wuta a Kano da Katsina da Jigawa a 2013, amma har yau idan wuta ta dawo yara Nepa suke kira. Wannan ya nuna cewa sunan da ya zauna a baki ya fi wanda aka zana a allo ƙarfi. Bugu da ƙari, a karkarar da almajirci ya kafu, masu karanta ajami suna da yawa, amma da wuya a ga allon hukuma da ajami.

Wani zai ce mene ne amfanin wannan duka ga mai jin ƙishirwa? Amfaninsa shi ne, mutumin da bai gane mai rijiyar burtsatse ba, bai san wurin da zai kai kuka ranar da ta lalace ba, ba kuwa zai biya kuɗin ruwa da yardar rai ba.

Saboda haka muna ba da shawarar a sa sunan hukuma da Hausa, boko da ajami, a kuma gwada kowane zane a kasuwar ƙauye kafin a buga shi. Sai dai zane ba ya cika tulu. Inda famfo ya kafe, jarkar ɗan garuwa ce za ta ci gaba da zama tambarin ruwa a idon jama'a, kome kyan abin da aka liƙa a jikin tanki. Kyan alkawari cikawa.