An Bar Jaki Ana Dukan Taiki: Neman Ɗumin Sauti a Amfilifaya

Amfilifayar hedifon 'yar ƙaramar na'ura ce da ake sakawa tsakanin abin da ke kunna waƙa, kwamfuta ce ko waya, da hedifon ɗin da ke kan mai sauraro. Aikinta shi ne ta karɓi sigina mai rauni ta ƙara masa ƙarfi. Iri biyu ake da su. Akwai mai bututun gilashi, fasahar rediyon da, akwai kuma mai tiransista, wanda aka ƙirƙiro a ɗakin binciken Bell da ke Amurka a 1947. Ta farko ta yi suna da sauti mai ɗumi, ta biyu kuwa da mayar da abu yadda aka ba ta. Abin da ake yayi yanzu shi ne neman ta biyun mai halin ta farko: ana son daɗin bututu, ba a son tsadarsa da wahalar canza shi in ya mutu. Buƙatar ba ta da laifi. Wurin da ake neman biyanta ne abin haushi.

Sautin da ake kira mai ɗumi abu ne da ake iya aunawa. Ɗan ƙarin ƙarfi ne a tsakanin Hz 100 zuwa 300, inda kaurin muryar namiji da amon babbar jita suke, tare da sassaucin kaifi a sama, yadda harafin "s" ba zai soki kunne ba. Amfilifaya mai tiransista da aka ƙera da kyau kuwa a miƙe take tun daga Hz 20 har 20,000, bambancinta da wata bai kai desibel ɗaya ba. Hedifon biyu kuwa kan sha bamban da desibel biyar, wani wurin har goma. Wato mai sauya launin sauti yana maƙale a kunne, ana can ana tuhumar akwatin da ke kan tebur. An bar jaki ana dukan taiki.

Misali sananne shi ne Sennheiser HD 800 da ya fito a 2009, mai tsini a wajajen Hz 6,000. Masu shi da dama sun yi ta sauya amfilifaya suna neman wadda za ta kwantar da tsinin. Shi kansa kamfanin da ya tashi gyara bai ce a sayi wani akwati ba, HD 800 S ya fitar, da wani ɗan abu a cikin hedifon ɗin da ke shanye wannan kaifin.

Hanyoyi uku ne amfilifaya mai tiransista ke iya ɗumama sauti da gaske. Ta farko, kuma mafi tasiri, ita ce turjiyar mafitarta, wadda ake aunawa da om. Turjiyar hedifon ba ɗaya ba ce a kowane amo. HD 650 na Sennheiser, wanda aka rubuta masa om 300, yakan haura zuwa wajen 500 a kusa da Hz 100. In aka jona shi da amfilifaya mai turjiyar om 120, adadin da ƙa'idar IEC ta 1996 ta ba da shawara a kai, wannan yankin na kauri zai ɗaga da kimanin desibel ɗaya. Shi ke nan sirrin, desibel ɗaya, kuma ɗan ƙaramin resista mai araha zai yi wannan aikin. Daɗin daɗawa, ɗumin ba na amfilifayar ba ne, na haɗuwarsu ne. A cire HD 650 a jona hedifon na Audeze ko Hifiman masu shimfiɗaɗɗen maganaɗisu, waɗanda turjiyarsu ba ta hawa ba ta sauka, sai a nemi ɗumin a rasa. A jona ƙananan na cikin kunne masu lasifika da yawa, sai sautin ya karkace ta inda ba a zata ba. Shi ya sa wani injiniya mai laƙabin NwAvGuy ya yaɗa dokar kashi ɗaya cikin takwas a 2011: hedifon mai om 32 yana son mafitar da ba ta wuce om 4 ba.

Hanya ta biyu ita ce jirkita sigina da gangan, musamman ƙarin amo na biyu, wanda ke zaune daidai ninki biyu na amon asali, kunne kuma ya ji shi kamar cikar murya. Nelson Pass, mai kamfanin Pass Labs, ya daɗe yana wannan aikin a fili, bai taɓa ɓoye cewa yaji yake zubawa ba. Sai dai yawancin na'urorin da ake tallatawa da sunan ɗumi jirkitarsu ta yi ƙasa da abin da kunne ke iya kamawa. Haka batun amfilifayar ajin A, inda tiransista ke jan wuta ko da waƙa ko babu. Bayan sa'a guda da kunnawa, mutum ya ɗora tafin hannu a murfin sai ya ji ɗau. To, ga ɗumi kam, amma a hannu yake, ba a kunne ba, kuma kamfanin wutar lantarki ne ya fi cin moriyarsa.

Hanya ta uku ita ce mafi gaskiya: maɓallin ƙara kauri, irin XBass na kamfanin iFi. A danna a ji, a sake dannawa ya tafi. Abin dariya shi ne masu raina wannan maɓalli su ne ke zuba dubban daloli don samun ƙasa da abin da yake bayarwa.

Ba yau aka fara nuna cewa ana iya kwaikwayon ɗumin bututu ba. A 1985 Bob Carver ya ƙalubalanci mujallar Stereophile cewa zai sa amfilifayarsa mai tiransista ta yi sauti irin na duk wadda suka zaɓa. Suka kawo mai bututu mai tsada, ya yi 'yan gyare-gyarensa cikin 'yan kwanaki, ƙwararrun masu sauraron mujallar suka kasa rarrabewa. Na lasifikar ɗaki ne aka gwada, amma darasin ɗaya ne: abin da ake ji ana iya auna shi, ana iya kwaikwayonsa.

Sauran bambancin da ake rantsewa an ji a shago, yawanci ƙarar sauti ce. Tun 1933 Fletcher da Munson suka nuna cewa kunne ya fi jin kauri in an ƙara murya. Mai shago ya murɗa maɓallin ɗan kaɗan, mai saye ya lumshe ido ya ce wannan ta fi cika. In ba a daidaita ƙarfin biyun da na'urar awo ba, a kuma rufe sunayen, kwatancen bai zama hujja ba.

A yi adalci: amfilifayar da ƙarfinta ya gaza takan sa sauti ya bushe ya yi tsauri, kuma akwati mai nauyi da maɓalli mai santsi suna da daɗinsu. Wanda ya sayi wannan daɗin da saninsa, ba ruwan kowa.

Mai neman ɗumi sai ya bi abin daki-daki. Ya fara da hedifon mai wannan halin tun asali, irin HD 650. Ya duba soson kunnen, domin in ya lotse yakan sauya sauti fiye da canjin amfilifaya. Ya gwada ikwalaiza, kamar Equalizer APO da ke kyauta a Windows, ya ɗaga desibel biyu a wajajen Hz 150, ya rage kaɗan inda ke suka. Sannan ya zo kan amfilifaya, ya duba abu huɗu: ƙarfin da zai ishi hedifon ɗinsa, turjiyar mafita, rashin huci in an yi shiru, da daidaiton hagu da dama in an rage murya. Na'ura irin JDS Labs Atom, da ta fito a 2018 kan dala 99, ta isa yawancin hedifon. In kuma ya nace sai akwatin ne zai ba da launi, ya tambayi mai sayarwa ta wace hanya cikin ukun nan, kuma desibel nawa.