Sandra Izsadore da Matan da Suka Yi wa Fela Amshi

Waƙa a ƙasar Hausa aikin taro ce: mawaƙi ya ja baiti, 'yan amshi su karɓa, makaɗa su riƙe zaren. Amma in an zo ba da tarihi, sunan mai ja kaɗai ake riƙewa. Kowa ya san Mamman Shata, amma kaɗan ne za su iya kawo sunan mutum biyu cikin masu yi masa amshi. Idan kuwa mai amshin mace ce, kuma akwai soyayya tsakaninta da mawaƙin, sai a taƙaita ta da "budurwar wane", fasaharta ta bi ruwa.

Rayuwar Sandra Izsadore ta isa misali. Baƙar fata ce 'yar Amurka, mawaƙiya kuma 'yar gwagwarmayar ƙwato 'yancin baƙar fata. Ta haɗu da Fela Kuti a Los Angeles a 1969, lokacin da ya je da ƙungiyarsa ta Koola Lobitos. Kafin nan waƙoƙinsa na rawa da shaƙatawa ne. Ita ta ɗora shi kan littafin tarihin Malcolm X, ta zauna da shi suna muhawara kan bauta da mulkin mallaka, har ya dawo Legas da sabon kiɗa mai caccakar masu mulki. A 1976 ita ce ta ja waƙar faifan Upside Down, Fela da ƙungiyar Afrika 70 suna mara mata baya. Wanda ya saurari faifan zai ji murya mai kaifi da ke tsaye da ƙafarta a kan ganguna da ƙahonni. Duk da haka sai a 2019 ta fitar da nata littafin, Fela and Me, bayan shekaru ana ba da labarinta da bakin wasu.

Matan Kalakuta, wato gidan Fela, sun fi ta shan wannan rashin adalci. Su ne masu amshi da rawa a dandalin kiɗansa na Shrine, kuma kiɗansa na Afrobeat ba ya tsayuwa sai da wannan karɓa-karɓa, inda suke maimaita jimla ɗaya har ta zauna a bakin jama'a. Ranar 18 ga Fabrairu, 1977, da sojoji suka ƙona gidan, su ma sun sha duka da wulaƙanci. Amma abin da duniya ta riƙe game da su shi ne adadi: mata 27 da Fela ya aura rana guda a 1978. Sai a 2017 Bolanle Austen-Peters ta shirya wasan dandali a kansu a Legas, wanda ya sa su a gaba.

Kiɗan amada ya nuna mana cewa hakan ba dole ba ne. A can mace ke ja, mata ke kaɗa ƙwarya, shi ya sa Barmani Choge ta Funtuwa, wadda ta rasu a 2013, ba ta taɓa buƙatar sunan namiji kafin a gane ta ba.

Nauyin gyara wannan rashin adalci yana kan manazarta da 'yan jarida. Yawancin waƙoƙin Kannywood na yau murya biyu ne, ta namiji da ta mace, amma sau da yawa sunan namijin ne ke yawo. Wajibi ne a rubuta sunan kowace mawaƙiya a jikin aikinta, a kuma je a yi hira da tsofaffin 'yan amshi tun suna raye.