Gadar Karu: gawa uku ce ko talatin da tara?

Duk mai bin hanyar Nyanya zuwa cikin gari neman abinci ya san gadar Karu, ya san shingen sojojin da ke wurin. A nan ne ranar Litinin 29 ga Oktoban 2018 sojoji suka buɗe wuta kan almajiran Sheikh Ibrahim Zakzaky da ke tattakin Arba'in suna neman a sako malaminsu. Kwana biyu kafin nan an yi irin ta a Zuba. Har gobe in maganar ta taso a teburin mai shayi, sai majalisa ta rabu biyu, kowa da nasa labarin.

Bari mu fara da na soja. Sun ce a Zuba ayarin motocinsu ne ɗauke da harsasai zuwa Kaduna aka tare, aka yi musu ruwan duwatsu, mutum uku suka mutu. A gadar Karu ma, in ji su, uku ne. Ƙungiyar Amnesty kuwa ta ce aƙalla 45 aka kashe a ranakun biyu, 39 daga ciki ranar Litinin ɗin. Jama'a, tsakanin shida da arba'in da biyar ai ba tuntuɓen alƙalami ba ne. Dole wani bai faɗi gaskiya ba.

A watan Disamba na shekarar jaridar New York Times ta Amurka ta tattara bidiyon da mutane suka ɗauka da wayoyinsu, ta jera su daki-daki, ta nuna cewa rundunar da ke tsaron fadar shugaban ƙasa ce ta yi harbin. Na kalle shi ya fi sau uku. Gaskiya ɗaya ce, an yi jifa, kuma 'yan'uwan da ke ba da labari kamar ko tsakuwa ba a ɗaga ba suna rage wa maganarsu ƙarfi ne. To amma bidiyon bai tsaya nan ba. Za ka ga mutane sun juya baya suna gudun ceton rai, bindiga ba ta yi shiru ba. Wanda ya ba ka ƙeya yana gudu, wace barazana ya rage yake yi maka? A nan bayanin soja ya faɗi, kuma ban ga yadda za a tashe shi ba.

Inda bidiyon ya gaza shi ne, don mutanen waje aka yi shi. Bai san cunkoson Nyanya ba, bai san haushin direban da aka tare wa hanya tun hantsi ba. Wannan haushin kuwa shi ke sa wasu a cikinmu cewa, "Ai su suka jawo wa kansu." Ni ma an taɓa tare ni, na yi tsaki, na yi mita. Sai dai tare hanya laifi ne da 'yan sanda da kotu suka san hukuncinsa, kuma hukuncin ba harsashi ba ne.

Abin da ya fi ba ni kunya shi ne na ranar 2 ga Nuwamba, da rundunar soja ta sa bidiyon Donald Trump a shafinta na Twitter, inda yake cewa a ɗauki dutsen da baƙin haure suka jefa tamkar bindiga. Wato hujjar ma aro aka yi. Da surutu ya yi yawa suka goge.

Masu cewa "ai 'yan Shi'a ne" su tuna abu biyu. Kwamitin binciken da gwamnatin Kaduna da kanta ta kafa ya ce mutum 348 aka kashe a Zariya a Disambar 2015. Sannan tun Disambar 2016 Babbar Kotun Tarayya a nan Abuja ta ba da umarnin a saki Zakzaky da matarsa, gwamnati ta yi kunnen uwar shegu. Ba sai ka yarda da aƙidarsu ba, ni ma ba nasu ba ne. Amma abin da suka fito nema a gadar Karu kotu ta riga ta ba su, kuma a Yulin 2021 wata kotun a Kaduna ta wanke malamin da matarsa, ta sallame su.